Katin Kawu Mai Fanka Uku

Ofishin Kawu yana hawa na biyu, a saman wani shagon sayar da tayil, kuma aikinsa zanen gidaje. Mutum zai zo da takardar filinsa da dogon burinsa, a zana masa gida, a nuna masa shi a kwamfuta yana juyawa, har da fenti da shuke-shuke da wata mota a ƙofa wadda ba lallai ne ya taɓa mallakar irinta ba. Sunan Kawu ne a allon da ke waje da manyan baƙaƙe, amma mai zanen ita ce 'yar ƙanwarsa, Auta. Shi Kawu aikinsa sa hannu, da tarbar baƙi, da tsayawa a bayan kujerarta yana cewa, "Ƙara wa ƙofar nan girma, mai gidan babban mutum ne."

Na ukunsu shi ne surukin Kawu, mijin babbar 'yarsa. Da ya rasa aikinsa na da, sai Kawu ya ƙirƙiro Sashen Fasaha ya naɗa shi shugaba. Sashen ba shi da kowa sai shi da kujerarsa. A bayan idonsa Kashe-Kunna ake ce masa, domin ko firinta ce ta cije takarda, ko intanet ne ya ɗauke, ko na'urar sanyaya ɗaki ce ta fara ɗigo, maganinsa ɗaya ne: a kashe, a sake kunnawa. Auta ta taɓa rantsewa cewa ko mutum ne ya suma a gabansa, maɓalli zai fara lalube a jikinsa.

Kwamfutar Auta ta tsufa. In ta juya gida a kan allo, sai ya riƙa tafiya kamar mai ciwon gwiwa yana hawa bene, ya ɗaga, ya tsaya, ya yi tunani, ya sake ɗagawa. Ta daɗe tana roƙon Kawu ya saya mata katin hoto, wato abin da ake sa wa kwamfuta a ciki don ya ɗauki nauyin fitar da zane. Ta ma faɗa masa wanda take so, matsakaici, daidai ƙarfin na'urarta. Kullum amsarsa, "Za a duba." Ba a duba ba sai da ya kai ziyara ofishin wani tsohon abokin karatunsa, ya ga kwamfuta tana walƙiya da fitilu kala-kala a kan tebur. Ya dawo ranar ko magana ba ya son yi.

Wata safiya Auta ta biya ta wani fili ta yi awo, sai wajen hantsi ta iso ofis. Ta tarar da kwamfutarta kwance a kan tebur, ciki a buɗe, kamar an yi hatsari. Kawu ya naɗe hannun riga, tabarau a ƙarshen hanci. Kashe-Kunna yana haska masa da fitilar waya, alhali rana ta cika ɗakin.

"Kawu, ina kwana. Me ya sami kwamfutata?"

"Ci gaba ne ya same ta," in ji Kawu, bai ko ɗago ba.

Ta leƙa. Wani ƙaton kati ne a ciki, tsawonsa ya kai kamu guda, da fankoki uku a jere.

"Kawu, ai ba wannan na ce ba."

"Wanda kika ce fanka ɗaya gare shi. Ni kuwa na shiga shago na ce a nuna mini babbansu. Ba a san ni da ƙananan abubuwa ba."

Sai a lokacin ta lura da zarto a gefen kibod ɗinta, da garin ƙarfe a warwatse. Katin ya ƙi shiga saboda wani ƙarfe da ya tare masa hanya, shi ne Kawu ya aika aka aro zarto a shagon tayil, ya yanke shi. Ƙarfen nan kuwa shi ne mariƙin faifan da dukan zane-zanen ofishin suke ciki. Yanzu faifan yana reto a jikin wayarsa. Auta ta sa hannu ta tallafe shi, ta saka masa wani littafi a ƙasa.

"Ja kujera ki zauna ki koyi aiki," in ji Kawu. "Kada ki taɓa komai. Da yamma Likita za ta zo ganin asibitinta, ina so ta ga abin da ba ta taɓa gani ba."

Likita ita ce babbar mai ba su aiki a wannan shekarar. Ƙaramin asibitin yara take son ginawa, kuma Auta ta zuba duk basirarta a zanen.

Aka tayar da kwamfutar tsaye, aka jona wayoyi, Kawu ya yi bisimilla ya danna maɓalli da babban yatsa. Na'ura ta ɗauki gurnani. Allo ya yi haske kaɗan, ya rubuta cewa babu sigina, ya koma baƙi ƙirin.

Kashe-Kunna ya matso ya yi abin da ya iya. Ya kashe, ya kunna. Ya sake kashewa, ya ɗan jira yana kallon silin kamar mai lissafi, ya kunna. Da abin ya ƙi, sai ya kashe daga bango, wanda a wurinsa shi ne mataki na ƙwararru.

"Ku ba shi lokaci," in ji Kawu. "Baƙo ne, bai saba da wurin ba."

Suka ba shi lokaci. Allo bai canza ra'ayi ba.

Kawu ya zagaya teburin, hannuwa a baya, ya tsaya ya ƙare wa allon kallo. "Ga matsalar nan a fili. Wannan ɗan allon ba zai iya ɗaukar abin da katin ke turo masa ba. Ya yi masa yawa. Ku ɗauko talabijin ɗin ofishina."

Aka kwance talabijin daga bango. Kashe-Kunna ya rungumo ta yana nishi, gefenta ya bugi ƙofa, Kawu ya daka masa tsawa. Babu teburin da zai ɗauke ta, sai aka haɗa kujeru biyu aka jingina ta. Aka jona, aka kunna. Ita ma baƙi ta nuna, sai dai nata baƙin ya fi girma.

Tun ɗazu Auta ta ga inda gizo yake saƙa. Wayar allon tana nan a tsohon raminta na sama, ramukan sabon katin kuwa suna ƙasa, ko murafensu na roba ba a cire ba. Amma ta san Kawunta. In ta faɗa masa kai tsaye, to ko za a kai dare ba za a taɓa wayar nan ba. Sai ta juya wajen surukin, ta yi murya irin ta mai neman ilimi.

"Yaya, waɗannan ramukan da ke bayan sabon katin, na ado ne?"

Kashe-Kunna ya leƙa. Ya je ya sha ruwa, ya dawo, ya duba wayarsa, sannan ya gyara murya. "Baba, na yi wani nazari. Ina ganin wayar nan a jikin katin ya kamata ta shiga."

"Abin da ke bakina ke nan ka riga ni," in ji Kawu.

Aka mayar da waya. Allo dai bai nuna komai ba, amma wata 'yar jar fitila ta kama a gefen katin, kusa da wasu kafofi biyu da ba a sa musu komai ba.

"Ya fara farfaɗowa," in ji Kawu.

Wannan karon Auta ta kasa daurewa. "Kawu, wuta yake nema. Katin nan yana da wayar wutarsa daban, har biyu. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar nan kuwa ƙarami ne, ɗaya kawai gare shi. Ba zai iya ciyar da shi ba. Sai an canza shi da babba."

Kawu ya dube ta ta saman tabarau. "Wuta ai wuta ce, Auta. Wadda ke juya injin yankan tayil a ƙasa ita ce za ta kasa juya fanka uku?"

Kashe-Kunna ya ce ya san wani shago a bakin titi. Ya fita, ya dawo yana gumi da wata siririyar waya mai reshe biyu, wadda mai shagon ya tabbatar masa tana mayar da ɗaya biyu. Aka cusa ta. Jar fitila ta mutu, fankoki suka juya, sai ga hoto ya bayyana a talabijin.

Kawu ya tafa hannu. Hoton kuwa ya baje, komai ya kumbura, 'yan alamomin kan allo sun koma kamar bulo, kibiyar linzami, wadda ake nuni da ita a allo, ta kai tafin hannu.

"Kin ga ƙarfi?" in ji Kawu. "Har hoton ya yi ƙiba."

"Baba, sai an sa direba," in ji Kashe-Kunna, wanda ya karanto hakan a jikin kwalin.

"Direba ya tafi ɗauko yara daga makaranta. Me zai yi mana a nan?"

Aka yi wa Kawu bayani cewa wannan direban manhaja ce da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da katin. Ya ce ya sani, gwada su yake yi. Aka fara sauko da ita daga intanet, tana tafiya kamar an ɗaura mata dutse. Kawu ya ci abincin ranarsa a tsaye a gaban talabijin, yana kallon layin yana cika, yana ba shi ƙwarin gwiwa.

Da aka gama, allon ya ƙifta, ya dawo. Sai ga hoto tar, kowane layi siriri kamar gashi. Har Auta sai da ta ji wani daɗi ya ratsa ta. Ta ja kujerarta kusa.

"Kawu, bari in buɗe asibitin mu gwada kafin ta zo. Yanzu katin zaune yake, bai fara aiki ba. Sai an juya gini zai ja wuta da gaske, nan ne nake jin tsoro."

Kawu ya dafe linzamin. "A'a. Ba za a buɗe ba sai a gaban baƙuwa. A bar mata shi da sabuntarsa."

Likita ta iso a kan lokaci. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da makullin mota a hannu, da alamar wadda ta baro marasa lafiya suna jira. Ta dubi talabijin a kan kujeru, ta dubi kwamfuta ciki a buɗe. Kawu ya yi mata jawabi a kan zamani, da yadda ofishinsa bai taɓa yarda a bar shi a baya ba, da yadda shi da hannunsa ya kula da aikin tun safe. Sannan ya yi wa Auta alama da kai.

Auta ta buɗe zanen. Asibitin ya fito kamar a taɓa shi, gilasan tagogi suna ɗaukar rana, inuwar bishiyoyi a kan dakalin jira. Likita ta ajiye makullinta ta matso.

"Juya mata shi," in ji Kawu.

Auta ta juya. Ginin ya bi hannunta sumul, ba tangarɗa. Fankoki uku suka tashi gaba ɗaya kamar jirgi zai bar ƙasa. Ginin ya kai rabin zagaye, sai wasu korayen layuka suka tsaga shi daga sama har ƙasa. Aka ji ɗas. Allo ya mutu, fankoki suka yi shiru, wani siririn hayaƙi ya taso da warin ƙonanniyar roba.

Kashe-Kunna ya miƙa yatsa wajen maɓalli. Auta ta buge hannunsa, ta fizge waya daga bango. A rayuwarta ba ta taɓa bugun mijin yayarta ba, kuma ba ta ji nadama ba.

Kawu bai karaya ba. Ya taka zuwa gaban talabijin, ya fara nuni da hannu a kan baƙin gilashi. "To, kamar yadda kika fara gani, nan ne ɗakin jira. Ta nan za a bi zuwa ɗakin magani. Wannan gefen kuma bene ne. Kina gani ko?"

"Ina ganin fuskata dai," in ji Likita, "da taka."

Ta sunkuya ta leƙa cikin kwamfutar, tana kore hayaƙi da hannu. "'Yata, me ya faru da ita?"

Auta ta zaɓi kalmominta. "Sabon katin ne ya fi ƙarfin akwatin wutar, ranki ya daɗe."

"Wato kun dasa wa mage zuciyar doki." Idonta ya sauka a kan zarto, ya koma kan ƙarfen da aka yanke karkace. "Wa ya yi tiyatar?"

Kawu ya juya a hankali ya zuba wa surukinsa ido, irin kallon da ke tuna wa mutum inda albashinsa yake fitowa. Kashe-Kunna ya ɗaga hannu.

"Ni ne," ya ce.

"Allah ya sa ba ka da sha'awar aikin asibiti," in ji Likita.

Auta ta ɗauko zanen da ta buga a takarda tun jiya, ta shimfiɗa shi a kan teburin baƙi a waje, inda warin bai kai ba. Likita ta bi shi ɗaki-ɗaki da yatsa, ta nemi a faɗaɗa hanyar keken marasa lafiya, ta ce sauran ya yi mata. Za ta dawo mako mai zuwa tare da abokan aikinta, kuma suna so su ga ginin yana juyawa har ƙarshe. A bakin bene ta waiwayo ta ce wa Kawu ya riƙa ajiye abin kashe gobara kusa da zamani.

Tana fita Kawu ya kira taron gaggawa na dukan ma'aikata, wato su biyun. Ya ce ya yi bincike, ya gano abu biyu. Na farko, Auta ta san akwatin wutar ba zai ɗauka ba, amma ta bari aka kunyata ofis.

"Kawu, ai na faɗa."

"Kin faɗa, amma ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Na biyu, kwamfutar Auta ba ta kai matsayin wannan kati ba. Don haka ya yanke shawara za a saya wa katin sabon gida mai gefen gilashi, da babban akwatin wuta, da duk abin da ya dace da darajarsa, a ajiye shi a kan teburinsa, tunda nan baƙi suke fara shiga.

Haka kuwa aka yi. Aka kira mai gyara ya haɗa sabuwar kwamfuta tsaf, ta zauna a gaban Kawu tana sauya launi daga shuɗi zuwa ja. Ta Auta kuma aka sa mata wani akwatin wuta na hannu, aka ɗaure faifanta da waya, ta koma ɗingishinta na da. Abin da Kawu yake yi da kwamfuta bai wuce karanta labarai da duba farashin siminti ba.

Auta ta kai ƙara wajen mahaifiyarta. Umma ta saurare ta har ta gama, tana ninke kayan wanki.

"Ki yi haƙuri, yayana ne. Tun muna yara haka yake. Ya taɓa kwance rediyon babanmu wai zai ga masu maganar, da ya kasa mayarwa ya ce ni na zauna a kai. Ni aka daka."

"To me kika yi, Umma?"

"Me zan yi? Na yi kuka na share hawayena. Amma ke ai kin yi karatu."

Ranar dawowar Likita tana matsowa, asibiti kuwa yana ta rarrafe a kan tsohon allo. Tsakanin ɗakin Auta da ofishin Kawu katako ne kawai, kuma teburansu sun juya wa juna baya. A ƙasa, bayan durowar fayil, akwai wata ɓula da wayar intanet take bi. Auta ta durƙusa ta auna ta da yatsu.

Ranar da Kawu ya ɗauki surukinsa suka tafi duba wani gini a bayan gari, ta fito da dogayen wayoyin da ta sayo. Ta ciro faifanta ta sa a sabuwar kwamfuta, ta ɗauko na Kawu ta sa a tsohuwar. Ta zura wayoyi ta ɓular, ta haɗa allonta da kibod ɗinta da linzaminta da na'urar da ke walƙiya a teburin Kawu, ta haɗa nasa da tsohuwar da ke ƙarƙashin teburinta. Ta mayar da durowa, ta share ƙura. Da Kawu ya dawo, don kada a kashe mata na'ura tana cikin aiki, sai ta ce masa ta karanta cewa irin wannan babban katin ba a kashe shi barkatai, yana lalacewa. Nan take Kawu ya kafa doka cewa ko surukinsa bai yarda ya kusanci maɓallin ba.

Likita ta dawo da abokan aikinta biyu. Suka tsaya a bayan Auta, asibiti ya zagaya a gabansu har ƙarshe, ya sake zagayawa, aka shiga cikinsa ɗaki-ɗaki, aka hau bene aka sauko. Suka sa hannu a kan aikin kafin su tafi.

Kawu ya raka su, ya dawo ya bubbuga tsohuwar kwamfutar da ƙafa. "Kin gani? Ban ce miki wannan ta ishe ki ba? Kulawa kawai take so. Yaran yanzu kun fi son sabon abu."

"Gaskiya ne, Kawu."

Washegari da rana ta sa wani babban gida mai hawa uku yana haɗuwa, aikin da ke tatsar katin har ƙarshen ƙarfinsa. Sai ta ji Kawu yana ƙwala mata kira ta bayan katako. Ta ɗauka asirinta ya tonu. Ta shiga da sallama, ta tarar da shi ya kishingiɗa a kujera, fuska cike da annuri, fitilu suna wasa a kan tabarausa. Fankoki uku suna ta ruri, har takardun kan tebur suna motsi.

"Zo ki ga ikon Allah," ya ce. Ya danna wani labari. Shafin ya tsaya fari fat, ya yi tunani, sannan ya fara saukowa layi-layi, hoton ya tsaya a rabi. Kawu bai ko kalli allon ba, kunnensa yana wajen fankoki. "Ji yadda yake aiki. Labarai kawai fa na buɗe. Ina ga in na ba shi babban aiki?"

"Sai dai a riƙe tebur, Kawu."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ki ci gaba da ƙoƙari, Auta. In kika ƙara gogewa, zan duba in saya miki ƙaramin nan mai fanka ɗaya."

"Allah ya ƙara girma, Kawu," ta ce. Ta ja masa ƙofa, ta koma ɗakinta, ta tarar gidan ya kusa kai rufi.